Me Ya Haɗa Jihar Gombe, Jimmy Carter da Muhammad Ali a Rana Ɗaya?

A duk ranar 1 ga Oktoba, gidajen rediyo da masu tura saƙonni ta waya suna da al'adar jero abubuwan da suka faru a irin wannan rana cikin tarihi. A Gombe jerin ya fi ɗaukar hankali, domin ranar ta haɗa mana buki biyu, wato samun 'yancin kan Nijeriya a 1960 da ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996. Bayan waɗannan biyun sai mai gabatarwa ya zarce da karanto sauran: a irin wannan rana aka kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, aka haifi tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter a 1924, aka haifi ɗan ƙwallo George Weah a 1966, Muhammad Ali ya dambace da Joe Frazier a 1975, Pele kuma ya buga wasansa na bankwana a 1977. Mai saurare kan ji kamar ranar tana da wani sirri da ke jawo manyan al'amura gare ta. A ganina wannan zato kuskure ne, kuma jerin ne da kansa yake haifar da shi, saboda yana jera abubuwa a sahu ɗaya ba tare da ya faɗi hanyar da kowanne ya bi ya iso ranar ba. Suna kama da fasinjojin da suka haɗu a mota ɗaya daga Gombe zuwa Bauchi: wani asibiti za shi, wani biki, wani kuma kasuwa, kujera ce kawai ta haɗa su. Wasu daga cikin abubuwan nan mutane ne suka zauna suka zaɓa musu ranar da gangan, wasu lissafin kuɗi ne ya ajiye su a wurin, wasu kuwa babu hannun kowa a ciki.

Ranar 'yancin kai ita ce ta fi kowacce nuna hannun mutum. Tun a 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a shekarar 1956, wakilan Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello suka nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da ya dace, abin da ya jawo tsamin dangantaka tsakanin Arewa da Kudu. A taron tsarin mulki na Landan a 1957, shugabannin Nijeriya sun gabatar da 2 ga Afrilu 1960, amma Birtaniya ba ta ɗaure kanta da wannan rana ba. Sai a taron 1958 ne Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Alan Lennox-Boyd, ya bayyana cewa idan sabuwar majalisar tarayya ta nemi 'yanci, za a ba da shi ranar 1 ga Oktoba 1960. Aka yi zaɓe a Disamba 1959, majalisa ta gabatar da buƙatar a farkon 1960, sannan a daren da ranar ta shigo aka sauke tutar Birtaniya a filin sukuwa na Legas, filin da yanzu yake ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da gari ya waye ranar Asabar, Gimbiya Alexandra, wadda ta wakilci Sarauniya, ta miƙa takardun 'yanci ga Firayim Minista, mutumin ƙasar Bauchi wanda kabarinsa yake cikin garin Bauchi har yau. Da Turawa sun amince da buƙatar farko, da a watan Afrilu, cikin tsakiyar bazara, yaran makaranta suke yin faretin 'yanci.

Shugabannin wancan zamani sun san cewa zaɓen rana magana ce. Lokacin da Jihar Arewa ta karɓi mulkin kanta, an tsayar da 15 ga Maris 1959, kuma 15 ga Maris ita ce ranar da sojojin Birtaniya suka ci Sakkwato da yaƙi a 1903. Wanda ya san tarihin ba ya bukatar a yi masa bayani: a ranar da mulki ya fita daga hannun jikokin Shehu Usmanu, a ranar aka so ya dawo.

Da zarar 1 ga Oktoba ta sami wannan daraja, sai kowace gwamnati ta riƙa neman jingina da ita. A 1963 an jira ranar kafin a mayar da ƙasar jamhuriya, Nnamdi Azikiwe ya tashi daga Gwamna Janar ya koma Shugaban Ƙasa. A zamanin soja kuwa jawabin 1 ga Oktoba ya zama wurin ɗaukar alkawari, wani lokacin kuma wurin warware shi. Janar Yakubu Gowon ya yi alkawari a jawabin 1970 cewa soja za su miƙa mulki a 1976, sannan a jawabin 1974 ya ce wannan wa'adi ba mai yiwuwa ba ne. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma Gowon bai ma kai ga ranar ba, domin an kifar da gwamnatinsa ranar 29 ga Yuli 1975 yana halartar taron shugabannin Afirka a Kampala. Janar Murtala Muhammad da ya gaje shi ya yi amfani da jawabin 1 ga Oktoba 1975 ya shimfiɗa jadawalin komawa mulkin farar hula, wanda ya ƙunshi ƙarin jihohi da rubuta sabon tsarin mulki, ya kuma tsayar da 1 ga Oktoba 1979 a matsayin ranar miƙa mulki. Daga wannan jadawali Jihar Bauchi ta fito ranar 3 ga Fabrairu 1976, kwana goma kafin a kashe Murtala. Janar Olusegun Obasanjo ya cika alkawarin, aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari a ranar da aka ɗiba, aka kuma rantsar da Abubakar Tatari Ali a matsayin gwamnan farar hula na farko na tsohuwar Jihar Bauchi, wadda Gombe take cikinta a lokacin.

Ta wannan ƙofa ce Gombe ta shigo ranar. Janar Sani Abacha ya kafa kwamiti ƙarƙashin Arthur Mbanefo don duba buƙatun neman jihohi, kuma ya ajiye sanarwar sai jawabinsa na 1 ga Oktoba 1996, inda ya ambaci jihohi shida, ɗaya daga kowace shiyya: Bayelsa, Ebonyi, Ekiti, Gombe, Nasarawa da Zamfara. Da su adadin jihohi ya kai 36, kuma har yau ba a ƙara ko ɗaya ba. An yanke Gombe daga Bauchi, aka turo hafsan sojan sama Joseph Orji a matsayin kantoman soja na farko, kuma jihar tana da ƙananan hukumomi 11, Bauchi tana da 20. Babu wata doka da ta ce sai a ranar 'yanci ake ƙirƙirar jiha. Gowon ya yi nasa ranar 27 ga Mayu 1967 saboda yaƙi na ƙaratowa, Janar Ibrahim Babangida kuma ya sanar da jihohin 1991 ranar 27 ga Agusta, wato zagayowar ranar da ya hau mulki a 1985. Abacha yana cikin matsin lamba daga ƙasashen waje a lokacin, bayan rataye marubuci kuma ɗan fafutukar yankin Ogoni Ken Saro-Wiwa a Nuwamba 1995 da dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, don haka ina ganin ba abin mamaki ba ne ya nemi ranar da kowa yake sauraren rediyo ya ba da labarin da zai faranta wa mutane da yawa rai. Haɗuwar bukin Gombe da na ƙasa shiri ne, kuma shirin yana da illa guda da ba a cika faɗa ba: bukin jihar kullum yana zuwa ne a inuwar na tarayya, a ranar da jihohi biyar da ƙasar baki ɗaya suke neman kunnen jama'a.

Darajar ranar a siyasa ta ragu daga baya. Abacha ya yi alkawarin miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba 1998, ya rasu ranar 8 ga Yuni na shekarar, Janar Abdulsalami Abubakar kuma ya tsayar da 29 ga Mayu 1999. Tun daga nan ake rantsar da shugabanni a watan Mayu, kuma a 2018 gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da mayar da Ranar Dimokuraɗiyya zuwa 12 ga Yuni. Waɗanda suka tayar da bam kusa da Dandalin Eagle a Abuja ranar 1 ga Oktoba 2010, a daidai bukin cika shekara 50, su ma ranar suka zaɓa, da irin lissafin da gwamnatoci suke yi amma da mugun nufi.

A ƙasashen waje ma haka abin yake. Mao Zedong ya shelanta kafuwar Jamhuriyar Jama'ar Sin a dandalin Tiananmen ranar 1 ga Oktoba 1949, kuma babu abin da ya haɗa wannan da namu sai lamba. Wanda yake da alaƙa da mu shi ne na Kamaru. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961, arewacin yankin da Birtaniya take riƙo ya zaɓi Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna, kudancin kuma ya haɗe da Kamaru ranar 1 ga Oktoba 1961. Shekaru 56 bayan haka, 'yan a-ware na yankin masu magana da Ingilishi suka zaɓi 1 ga Oktoba 2017 suka ayyana ɓallewa, domin a wajensu ita ce ranar da aka yi haɗin da suke ƙorafi a kansa.

Idan aka koma kan wasanni, mai zaɓen ranar ba ɗan siyasa ba ne, mai neman 'yan kallo ne. Damben Muhammad Ali da Joe Frazier na 1975 shi ne karo na uku tsakaninsu. Frazier ya ci na farko a Maris 1971, Ali ya rama a Janairu 1974, don haka na ukun shi ne na raba gardama, kuma kambun duniya na ajin masu nauyi yana hannun Ali. Shugaban Filifin, Ferdinand Marcos, wanda yake mulki da dokar soja tun 1972, ya karɓi baƙuncin wasan don ya gyara sunan gwamnatinsa a idon duniya. An yi turmi 14 na dukan da ba a cika ganin irinsa ba, cikin zafi mai tsanani, har idanun Frazier suka kumbura, mai horar da shi Eddie Futch ya hana shi fitowa turmi na 15. Ana kiransa damben Manila, amma filin da aka yi shi, Araneta, yana birnin Quezon ne da ke maƙwabtaka da Manila.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne lokacin da aka fara. An yi damben ne da hantsi, ba da dare ba kamar yadda aka saba, domin masu sayen tikitin kallo ta tauraron ɗan'adam suna Amurka, kuma hantsin Laraba a Filifin shi ne daren Talata a birnin New York. Ba'amurken da ya kalli wasan kai tsaye ya kalle shi ne ranar 30 ga Satumba. A Nijeriya, inda agogonmu yake bayan na Manila da awa bakwai, ranar 1 ga Oktoba ta riga ta shiga amma ba a kira assalatu ba, kuma a ranar ce Murtala ya yi jawabin da aka ambata a sama. Ashe abu ɗaya yana da rana biyu, gwargwadon inda mai kallo yake zaune, littattafai kuma suka ɗauki ta inda aka yi wasan. An yi irin wannan lissafi shekara guda kafin nan a Kinshasa, inda Ali da George Foreman suka shiga fili wajen ƙarfe huɗu na asuba ranar 30 ga Oktoba 1974 saboda dalili guda.

Bankwanan Pele ya fi sauƙin bayani. Wasan sada zumunci ne da aka shirya ranar Asabar, 1 ga Oktoba 1977, bayan an kammala kakar wasa a Amurka, tsakanin ƙungiyoyi biyun da ya yi wa wasa, Cosmos ta New York da Santos ta Barazil. Ya buga rabin farko a Cosmos ya ci ƙwallo da bugun tazara, ya sauya riga ya buga rabi na biyu a Santos, aka tashi biyu da ɗaya Cosmos ke da nasara. Muhammad Ali yana cikin manyan baƙi a filin. Masu shirya wasan ƙarshen mako suke nema, da fili wanda ba a shirya wani wasa a cikinsa ba, kuma da Asabar ta faɗo ranar 2 ga wata da can aka kai shi.

Haihuwa ita ce kaɗai babu wanda ya zauna ya tsara, kuma ita ce mutane suka fi karanta wa ma'ana. Za ka ji ana cewa waɗanda aka haifa a wannan rana shugabanni ne, a kawo Carter da Weah a matsayin hujja, wani ya ƙara da Theresa May, tsohuwar Firayim Ministar Birtaniya da aka haifa a 1956. Amma a cikin jerin akwai mawaƙin Senegal Youssou N'Dour na 1959, kuma bayan waɗannan 'yan ƙalilan akwai miliyoyin da babu wanda ya san su. A kowace rana ana haifar jarirai fiye da 350,000 a duniya, kuma ranakun shekara 365 ne kacal, don haka duk ranar da ka ɗauka sai ka tarar da sarki da mawaƙi da ɗan wasa da ɓarawo a cikinta. Masana lissafi sun nuna cewa idan mutum 23 suka taru, yiwuwar a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi. Mutum 23 kuwa su ne 'yan wasa 22 da alƙalin wasa a filin ƙwallo na Fantami da ke Gombe. Abin yana ba da mamaki da farko, amma dalilin shi ne ba mutum ɗaya ake gwadawa da sauran ba, kowa ake gwadawa da kowa, kuma mutum 23 suna ba da haɗi bibbiyu har 253. A ajin firamare mai yara 70 kuwa, da wuya ƙwarai a rasa.

Wannan ba ya nufin mutanen ba su cancanci a tuna da su ba, sai dai abin tunawar yana cikin aikinsu. Carter manomin gyaɗa ne daga ƙaramin garin Plains a jihar Jojiya, ya mulki Amurka daga 1977 zuwa 1981, kuma zuwansa Legas a 1978 shi ne ziyarar aiki ta farko a hukumance da wani shugaban Amurka mai ci ya kawo Afirka kudu da Sahara. Abin da ya fi shafar mutumin karkara shi ne yaƙin da cibiyarsa ta yi da kurkunu, cutar da take kwantar da manomi a daidai lokacin da gona take bukatarsa. A binciken ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu cutar fiye da 650,000 a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Babu allurar rigakafi, babu magani, sai tace ruwan sha da ƙyalle, hana mai ciwo shiga tafki, da haƙa rijiyoyi. Gowon ya shiga aikin yana bin ƙauyuka da ofisoshin gwamnoni, kuma a Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya ta rabu da cutar. Carter ya cika shekara 100 ranar 1 ga Oktoba 2024, ya rasu ranar 29 ga Disamba na shekarar. Idan gidan rediyo a Gombe zai ambaci sunansa, wannan labari ya fi ranar haihuwarsa amfani ga mai saurare.

George Weah, haifaffen Monrobiya, ya bi ta Monaco da Paris Saint-Germain zuwa AC Milan, ya lashe Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, a 1995, shekarar farko da aka buɗe ta ga 'yan wasan da ba Turawa ba. Har yanzu shi kaɗai ne ɗan wasa mai wakiltar ƙasar Afirka da ya taɓa samun ta, duk da cewa bai taɓa zuwa gasar Kofin Duniya ba. Ɗansa Timothy ne ya je a 2022, sanye da rigar Amurka, har ya ci ƙwallo. Weah ya zama shugaban Laberiya a Janairu 2018, ya sha kaye a hannun Joseph Boakai a zaɓen 2023, ya kuma amince da sakamakon tun kafin a kammala sanar da shi, abin da a yankinmu na Afirka ta Yamma ya cancanci a rubuta shi kusa da Ballon d'Or ɗin.

Akwai wata matsala da ta fi waɗannan zurfi, wadda ta shafi kalandar kanta. Cewa abu biyu sun faru a rana ɗaya gaskiya ce kawai a cikin lissafin Miladiyya. A lissafin Hijira, ranar da Nijeriya ta sami 'yanci ta faɗo ne cikin watan Rabi'us Sani na 1380, ranar da aka ƙirƙiri Gombe kuwa cikin Jimada Ula na 1417. Ba rana ɗaya ba ce, ba ma wata ɗaya ba ne, kuma tazarar da Miladiyya ta ƙirga shekara 36 ta zama 37 da ɗoriya, saboda shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da kusan kwana 11. Malamin da yake bin lissafin wata ba zai ga wata haɗuwa ba ko kaɗan. Ita Miladiyyar ma an yi mata gyara. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya sa aka tsallake kwana goma, mutane suka kwanta ranar 4 ga Oktoba suka tashi ranar 15. Birtaniya ba ta bi ba sai 1752, Rasha kuma sai 1918, shi ya sa juyin juya halin da Rashawa suke kira na Oktoba ake tunawa da shi ranar 7 ga Nuwamba. Duk abin da aka ce ya faru ranar 1 ga Oktoba shekaru ɗaruruwa da suka wuce, sai an tambaya da lissafin wa.

Mu Hausawa ma ba da lambar wata muka saba riƙe haihuwa ba. Abin da iyaye suke riƙewa shi ne ranar mako da yanayin shekara, kuma suna ajiye shi a cikin laƙabi: Ɗanladi da Ladi, Ɗantala da Talatu, Balarabe da Balaraba, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe, ga kuma Azumi, Sallau da Marka. Shekarar kuwa da wani babban al'amari ake ɗaure ta, a ce an haife shi shekarar da aka kashe Sardauna, ko shekarar canjin hannu, ko shekarar canjin kuɗi, wato 1966, 1972 da 1973. Wannan tsari ya wadatar da mutane har zuwa lokacin da makaranta, aikin gwamnati, fasfo da katin ɗan ƙasa suka zo suna neman rana da wata da shekara a cikin akwatuna uku. Wanda ba shi da takardar haihuwa sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, kuma idan aka ce ya faɗi rana, wadda ba zai manta ba yake ɗauka, galibi 1 ga Janairu, wani lokacin 1 ga Oktoba. Saboda haka a cikin waɗanda Facebook yake sa a taya murna a ranar 'yanci akwai waɗanda da gaske ranar aka haife su, akwai kuma waɗanda su ma zaɓar ta suka yi, kamar yadda Abacha ya zaɓa wa Gombe. Shi kansa Tafawa Ɓalewa, wanda ranar ta fi dangantuwa da shi, abin da littattafai suka saba kawowa game da haihuwarsa shi ne Disamba 1912, babu rana. Mutumin da ba a rubuta ranar haihuwarsa ba ba zai taɓa shiga jerin haihuwar mashahurai ba, komai girmansa.

Nan ne son kan jerin yake fitowa. Wanda yake da magatakarda da jarida da ɗakin ajiyar takardu shi ne yake cika shi, shi ya sa ake samun ranar da kamfanin Ford ya fitar da motarsa samfurin T a 1908 da ranar da jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya fara aiki a Japan a 1964, duka 1 ga Oktoba, amma ba a samun ranar da wani shahararren ɗan damben gargajiya ya yi kisan da ake ba da labarinsa har yau. Namu gwanayen a bakin makaɗa da masu kirari suka rayu, su kuwa makaɗa suna riƙe suna da gari da wanda aka buge, ba sa riƙe kwanan wata. Ko a tarihin Gombe, ranar da muka sani daidai ta yaƙin Bormi, 27 ga Yuli 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da ɗimbin mabiyansa, Manjo Marsh na sojan Birtaniya shi ma ya mutu, mun same ta ne daga rahoton waɗanda suka ci yaƙin. Waɗanda suka tsira suka nausa gabas ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, kuma wannan al'amari, da ya faru a ƙasar Funakaye ta yau, ya fi bankwanan Pele tasiri a kan mutanen wannan yanki nesa ba kusa ba, amma da wuya ka ji shi a jerin ranar 27 ga Yuli.

Wanda yake son haɗa wa Gombe da Bauchi nasu jerin yana da inda zai fara. Akwai rahotannin larduna a ɗakin adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, akwai Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, akwai tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, akwai kuma rubuce-rubucen Larabci da ajami a fadoji da gidajen malamai, waɗanda suka ƙunshi tarihin Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, da Yakubun Bauchi da waɗanda suka gaje su. Aikin yana da wahala ta musamman a kashi na ƙarshe. Yawancin takardun kafin zuwan Turawa shekara suke bayarwa ko tsawon mulkin sarki, kuma inda suka ba da rana da wata na Hijira, mayar da ita Miladiyya yana iya kaucewa da kwana ɗaya ko biyu, domin farkon wata ya dogara ne da ganin jinjiri a garin da aka yi rubutun, ranar kuma tana farawa ne da faɗuwar rana ba da tsakar dare ba. Idan marubucin ya ambaci ranar mako tare da kwanan watan, kamar a ce Alhamis ko Jumma'a, da ita ake daidaita lissafin, idan kuma bai ambata ba, sai a rubuta ranaku biyun a bar su haka.